Abin da Rawanin Malam Ya Ɓoye

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ya bar mana wahalar neman inda yake. Sunana Hansatu, amma a unguwarmu nan Kontagora ba wanda ya san ni da wannan suna, sai dai matar Ladan. Jikokina sun dame ni in rubuta labarin ciwon da kakansu ya yi a zamanin Turawa, tunda na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya riƙe fensir. Na yarda, amma ba don su kaɗai ba. Ina so duk wanda ya karanta ya sani cewa ba mugunta ce kaɗai ke kwantar da mutum ba, wani lokaci girmamawa ma tana yi.

Malam, wato maigidana, don ba zan kama sunansa ba ko a takarda, shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Gidanmu katanga ɗaya da masallacin. A wancan lokaci ba agogo, idon ladan shi ne agogon jama'a. Da asuba ya hau tudun kiran salla ya zuba wa gabas ido har alfijir ya keto, da rana kuma ya auna inuwar sandarsa. Tun ranar da Liman ya naɗa masa rawani ba a sake ganin kansa a waje ba. Yakan naɗa shi ya zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa ya rufe wuya ruf. Ni da wanzami kaɗai muka san Malam yana da wuya.

Yana da ɗan lambun rake a fadama, bakin wani rafi mai duhuwar itatuwa. Can yake zuwa da hantsi, ya yi ban ruwa, ya yi wanka, ya zauna a inuwa yana tilawa. Ƙudan tsando na cizonsa, ya kaɗe ya ci gaba. Wa ya taɓa ɗaukar cizon ƙuda a bakin komai?

A ranin shekarar da ciwon ya kama shi aka yi shela cewa wani likita ya zo da mutanensa, za a taɓa wuyan kowa saboda ciwon barci. Mu mata aka tara mu a zauren mai unguwa, wata ma'aikaciya ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana lallatsa mana bayan wuya. Maza kuwa a kasuwa aka jera su. Malam ya dawo da yamma na tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "An duba mu, lafiya lau." Na ce alhamdu lillahi. Wannan magana tasa ita ce ta ɓatar da mu wata da watanni.

Ciwon ya shigo a hankali. Zazzaɓi ya zo ya yi kwanaki ya tafi, mu ce an rabu, sai ya dawo. Ga ciwon kai, ga ƙaiƙayin jiki har yana susa da marfin tukunya. Na dafa sassaƙen maɗaci ya sha, na yi masa sirace. Wata rana ya tuɓe rawani zai kwanta na hangi kaluluwa a bayan wuyansa, ƙanana kamar gurjiya a ƙarƙashin fata. Na ce, "Malam, irin abin da aka ce ana nema ne fa." Ya ce, "Innar yara, ba na gaya miki an duba ni ba? Kin fi masu aikin sani ne?" Na bar maganar, don a ganina shi ke da gaskiya.

Da damina ta kankama sai hali ya fara sauyawa. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya zo yana faɗa a kan gishirin miya. Can kuma ya kama dariya ba dalili. Fuska ta kumbura, hannu na rawa in zai ɗauki moɗa. Sannan barcin ya zo. Da dare ido biyu, da rana kuwa ko'ina barci. Na taɓa samunsa zaune da lomar tuwo a hannu, miya na bin gwiwar hannunsa, yana minshari. Da farko na yi dariya, Allah ya yafe mini. Da abin ya maimaitu sai na daina dariya.

Labari ya kai wa yayarsa, Yaya Kulu, a Kasuwan Garba, ta zo da ƙullin magunguna da buhun shawara. Tun ba ta ajiye kayanta ba ta yanke hukunci. "Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, Hansatu. An yi masa asiri ne a kan muryar nan tasa. Wa ke kiran salla in ya makara?" Na ce Malam Tanko ne, wani matashin malami da ke koyar da yara a bayan masallaci. Ta tafa hannu ta ce, "To, kin ji. Biri ya yi kama da mutum."

Babu abin da ba mu yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi har ɗakin ya yi baƙi, wanzami ya kafa masa ƙaho a kan kaluluwar ya zuƙe jini. Wani kawunsa ya ce a riƙa ba shi goro don ya hana barci, sai muka riƙa samunsa yana barci da goron a kumatu. Akuyata ta tafi a wannan hidima, da tasoshin da na zo da su gidan. Ban yi baƙin cikin tafiyarsu ba, abin da ya ƙona mini rai shi ne ba su sayo komai ba. Duk wanda ya kawo maganar likita, sai mu ce ai an duba shi.

Ni kuwa aikina ya zama tashinsa. In yayyafa masa ruwa, in jijjiga shi, in ya ƙi in jawo turmi kusa da ƙofar ɗaki in kama daka. Haka muka lallaɓa, yau ya kira a kan lokaci, gobe ya makara, har ranar da asirinmu ya tonu. La'asar ce, ina tankaɗe a tsakar gida, na ji ya fara kira da muryar nan tasa da ake ji har ƙetaren rafi. Ya kai tsakiya sai ya yi shiru. Na tsaya da rariya a hannu ina jiran ya ci gaba, bai ci gaba ba. Can sai na ji muryar Malam Tanko ta ɗauko kiran daga farko. Wai sun same shi a zaune kan matakala, yatsa a kunne, yana barci. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, tsoron kuma ya fi kunyar.

Washegari Liman ya zo zaurenmu, na laɓe a bayan zana ina ji. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malam Tanko zai riƙe maka aikin. Rawani naka ne har a ga watan azumi. In Allah ya tashe ka kafin nan, madalla. In kuwa bai tashe ka ba, ka yi haƙuri, jama'a ba za su yi sahur da buɗe baki a kan ƙila-wa-ƙala ba." Malam ya ce, "Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam." Ya shigo gida ya zauna, ya kasa kallona. Mahaifinsa ladan ne, kakansa ma haka. Na san in aka karɓe wannan aiki, ko ciwon ya bar shi ba zai sake zama mutum ba.

Wadda ta buɗe mini ido Ladi ce, wata mata 'yar Kambari da ke kawo mana itace daga ƙauye. Ta sauke kaya ta hango Malam yana gyangyaɗi a rana, ƙuda na bin fuskarsa. Ta ce, "Uwar gida, haka mijina ya yi bara. Kai shi wajen Likitan Ƙuda." Na ce an duba shi. Ta ce, "An duba, ba a duba ba, ni dai na ga mijina yana noma yanzu. Kai shi." Maganar ta kwana a raina. Yaya Kulu ta ce ba da yawunta ba, za a zuƙe masa ruwan baya a kai Turai. Na ce, "Yaya, na bi taki har tasoshina sun ƙare, yau ki bar ni in bi tawa." Ni da ban taɓa fita ni kaɗai da rana ba tun da aka kawo ni gidan, na yafa mayafi na nemi aron jaki. Wanda ya ɗora Malam a kai, ya riƙe shi har muka isa don kada barci ya kayar da shi, Malam Tanko ne. Yaya Kulu na biye da mu a baya.

Sansanin Likitan yana kan wani tudu a bayan gari, bukkoki ne da rumfuna da wani ɗaki mai rufin kwano. Layin mutane ya zagaye wata tsamiya. Ga Fulani daga Bobi da sandunansu, ga Kambari, ga Dukawa daga wajen Rijau, kowa da irin Hausarsa, wasu a kwance an shimfiɗa musu zane. Muka zauna tun hantsi har rana ta karkata.

Na zaci Bature zan gani, ashe baƙar fata ne irinmu, mutumin Kudu, gajere mai tabarau. Aka ce malami ne a babbar makarantar da ake koyar da likitoci, ya yi karatu a ƙasar waje, ya baro ajinsa ya zo ya gano dalilin da ya sa ciwon barci ya ƙi barin ƙasarmu. Mutanensa na yawo bakin rafuka da 'yan koma suna kama tsando, shi ya sa aka sa masa Likitan Ƙuda. Hausarsa ta kasuwa ce, amma yana da kunne.

Da layi ya zo kanmu ya ce a cire rawani. Malam, da ke rabi barci rabi farke, ya riƙe shi da hannu biyu ya ce, "A nan? Gaban mata da yara?" Likita ya dube shi jim kaɗan, ya ce a shigo da shi ɗaki, ya rufe ƙofa, ya cire tasa hular ya ajiye a tebur. Sannan Malam ya warware. Likita na ɗora yatsu a wuyan ya juyo gare ni ya ce, "Mama, me ya sa bai zo dubawa da rani ba?" Na ce ya zo, an ce lafiya lau. Ya ce, "Baba Ladan, sun taɓa wuya?" Malam ya ce, "Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi idona, ya ce in wuce."

Likita ya leƙa ya kira babban ma'aikacinsa, wani ɗan garinmu mai ladabi. Ya tambaye shi me ya hana shi taɓa wuyan. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ta yaya zan ce wa ladan ya tuɓe rawani a tsakiyar kasuwa? Shi ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni." Likita ya ce, "Duk masu rawani haka?" Ya ce, "Duka." Na zaci zai yi faɗa, sai ya zauna a kujera ya cire tabarau yana murza ido. Ya ce mana ya daɗe yana mamaki, a yi wa unguwa magani kaf, a dawo a tarar ciwon ya sake tsirowa. Ya bi ƙuda, ya bi rafi, ya bi shanu, bai taɓa tunanin rawani ba. Ya ce ƙuda na ɗaukar ciwon daga jikin wanda aka tsallake ya kai wa wani.

Ya soka siririyar allura a kaluluwar, ya ɗiga abin da ya fito a kan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu. Ya ce in zo in gani. Na rufe ido ɗaya na leƙa, sai ga wasu 'yan abubuwa suna wutsil-wutsil kamar 'ya'yan tarwaɗa a kwatami. Na ce a kira Yaya Kulu. Ta leƙa ta daɗe, ta ɗago ta ce, "To, wa ya san ko turo su aka yi?" Amma daga ranar ba ta ƙara kama sunan Malam Tanko da sharri ba.

Washegari aka ɗebi ruwan bayansa, ina riƙe da kansa yana salati. Likita ya ce ciwon ya kai ga kai, sai allura mai ƙarfi, sati-sati. Maganarsa ɗaya ta zauna mini har yau: "Ciwon nan ba ya sauri, amma ba ya fasa tafiya." Malam ya ce, "Likita, zan tashi kafin azumi?" Ya ce, "In ba a tsaya a hanya ba, kana iya tashi. Amma allurar nan tana taɓa idon wasu. Ranar da ka ga duhu-duhu, ko kaɗan ne, ka faɗa mini, in tsaya." Malam ya ce ya ji.

Aka ba mu bukka. Yaya Kulu ta koma gida ta riƙe mini yara, kuma ta riƙe su da amana, Allah ya jiƙanta. Satin farko ban ga wani sauyi ba sai amai da jiri. Ina ba shi kunu da ludayi, ina juya shi, ina wanke shi kamar jariri. Magani kyauta ne, amma ciki ba ya cin kyauta: itace saye, hatsi saye, ruwa sai an sauka gangare. Bukkar kuwa kuɗin cizo sun riga mu tarewa. Mai yin allurar wani ne mai hannu kamar na maƙeri, alluran a tukunya ake dafa su, wasu sun dakushe. In ka yi magana ya ce ka je ka yi da kanka.

Shi kuma Likita tambaya ce ba ta ƙare masa. Ina kuke ɗiban ruwa? Ina Malam ke wanka? Da wane lokaci? Wa da wa ke zuwa wurin? Ya tambaya wannan satin, sati mai zuwa ya sake. Ran nan na ce, "Likita, ko masu neman aurena ba su yi mini tambaya haka ba." Ya yi dariya har tabaransa ya zame. Amma zan faɗi alherinsa. Kullum sai ya zagayo bukka-bukka da kansa, ya durƙusa ya gaishe da Malam kafin ya taɓa shi. Kafin kowace allura kuma sai ya zaunar da shi, ya riƙa kaɗa farin ƙyalle ta gefen kansa yana tambaya ko ya gani.

A sati na uku Malam ya gama kwanon tuwo bai yi barci ba. A na huɗu ya ce miyata ta yi daɗi, ya nemi gafarar faɗan gishiri, wanda ni har na manta. Kumburin fuska ya saɓe, kaluluwar ta fara narkewa. Maƙwabciyarmu a bukka ta gaba, wata Bafulatana mai jinyar ɗanta, kan miƙo mana nono, ni kuma in ba ta daddawa. Da yamma Malam ya riƙa gyaran murya a hankali yana gwada kira. Kullum sai ya dubi wata a sama ya ce, "Innar yara, za mu kai." Daɗin da na ji a kwanakin nan ba ya faɗuwa.

Ana cikin Sha'aban na lura da butar. Na ajiye masa ita a gefen dama inda na saba, ya zauna zai yi alwala, ya dinga waige-waige yana nemanta, har ya ture ta da ƙafa. Kashegari ya yi karo da bakin bukka. Na miƙo masa goro ta gefe ban yi magana ba, bai karɓa ba sai da na kawo hannun gabansa. Na ce, "Malam, idon ya fara, ko?" Ya ce, "Kaɗan ne. Allura nawa ta rage? Ki rufa mini asiri in ƙarasa." Na ce, "To ƙyallen Likita fa?" Ya ce yana jin motsin hannun rigarsa ne, sai ya ce ya gani.

Na rasa inda zan sa kaina. In na faɗa, za a tsayar da allura, azumi ya same mu a nan, rawani ya tafi. In na yi shiru, ƙila ya hau tudun nan da azumi, amma ya hau shi makaho. Ban taɓa saɓa wa maganarsa ba. Ranar allura ta zo, Likita ya kaɗa ƙyalle, Malam ya ce ya gani. Sai na ji bakina ya ce, "Likita, bai gani ba. Sa shi ya toshe kunne ka sake." Aka sake. Bai gani ba.

Likita ya mayar da allurar cikin tukunya. Ya ce, "Baba Ladan, da an yi wannan da ta gaba, da ba ka sake ganin fuskar matarka ba." Muka koma bukka Malam ya juya mini baya. Kwanaki ba ya cin abincina, sai furar Bafulatana. In na yi magana ya ce, "Kin kyauta." Na sha kuka a bayan bukka, amma ko sau ɗaya ban yi nadama ba.

A sansanin muka ga watan azumi. In iska ta juyo takan kawo mana muryar Malam Tanko daga gari, siririya. Malam ya ji ya rufe fuska da gefen rawani. Likita ya aika makarantarsu aka kawo wani magani dabam a mota, aka bari jikin ya huta sannan aka fara shi. Shi ma ya ba shi wuya, amma bai taɓa ido ba. Wajen tsakiyar azumi ina dama kunu, na ji ya ce daga bayana, "Innar yara, zanen nan naki shuɗi ne ko baƙi?" Na ce shuɗi. Ya ce, "Haka na gani." Ya miƙo hannu ya karɓi kunun. Sulhunmu ke nan, ba mu sake tada maganar ba.

Bayan ƙaramar Salla aka sake ɗiban ruwan baya, Likita ya ce an ci nasara. Barci ya tafi, hankali ya dawo, murya ta dawo. Idon ne dai bai dawo duka ba. Abin da ke gabansa sosai yana gani, har ya karanta allo da rana, amma gefe da gefe duhu, kamar mai leƙe ta kafar zana. In haske ya yi ƙaranci kuwa sai lalube.

Ranar sallama Likita ya roƙe shi alfarma. Ya ce zai sake duba gari, kuma ba zai iya sa ɗan kowa ya tuɓe wa dattijo rawani ba. Malam ya ce ya bar masa wannan. Ranar kasuwa aka jera maza, mu mata muna leƙe daga zauren mai unguwa. Malam ya taka da sandarsa ya tsaya a gaban layi, ya kama bakin rawani ya shiga warwarewa a hankali, har ƙoƙon kansa ya fito fes a rana. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga wuyan da aka ji kunyar taɓawa. Kun dai ga inda kunyar ta kai ni." Ya miƙa wa ma'aikacin nan wuya ya ce, "Taɓa, ɗana." Liman na tsaye a gefe, sai shi ma ya kai hannu ga nasa rawanin. Daga nan dattawa suka bi. An samu masu ciwon a cikinsu, an kuma kama shi da wuri, ba wanda ya kai inda Malam ya kai. Daga baya aka sassare duhuwar bakin rafin don ƙuda ya rasa maɓoya. Malam bai yafe wa Likita inuwar tilawarsa ba, yana ambatonsa da alheri yana ƙorafin itatuwan a numfashi ɗaya.

Da yammacin ranar kasuwar ya ninke rawanin ya kai wa Liman a zaurenmu, Malam Tanko na zaune. Ni kuma ina wurin laɓewata. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wa'adi ya wuce. Ko bai wuce ba, ba na iya ganin ketowar alfijir. A ba mai shi." Malam Tanko ya ce, "Ni riƙo aka ba ni, kuma yarana na makaranta sun lalace da wasa. In dai don ta ni ne, a mayar wa mai abu abinsa." Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "A zamanin Manzon Allah ma an yi ladan makaho, sai an ce masa gari ya waye yake kira. Abin da ake bukata mai gaya maka wanda ba ya ƙarya, ko da kai ka roƙe shi ya yi. Kana da irinsa?" Na ji Malam ya yi 'yar dariya ya ce, "Ina da shi. Na gwada shi, ya ƙi." Liman ya ce, "To naɗa abinka." Na toshe bakina da mayafi don kada su ji ni.

Malam ne ya koya mini aikin. Ya ce akwai alfijir na ƙarya, mai miƙewa sama tsaye ya ɓace, kada in kula shi. Na gaskiya shi ne mai shimfiɗuwa a kwance ya yi ta faɗi. Na kife tsohon turmina a gindin katangar gabas. Kullum shi ya laluba ya hau tudunsa ya jira, ni in hau turmi in zuba ido. In ya keto, in sauko in buga taɓarya a gindin turmin, sai ka ji ya ɗauka. Matan unguwa suka riƙa cewa matar Ladan akwai sammakon daka. Na bar su a haka. Mun yi wannan aiki tare har Turawa suka tafi, har gemunsa ya yi fari fat, ba a taɓa cewa ya makara ba.

Shawarata ga na baya gajera ce. In masu duba lafiya sun zo, a bari su taɓa inda ya kamata su taɓa, babba ne ko yaro. In kuma kina jinya, ki faɗa wa likita abin da idonki ya gani, ko da mai ciwon zai yi fushi. Fushi yana hucewa.

Malam ya rasu da tsufansa, a kan shimfiɗarsa, ba da wannan ciwo ba. Yanzu masallacin yana da agogo da lasifika, ba mai bukatar idona. Ƙafafuna ma ba sa iya hawa turmi, sai dai in jingina da katanga in duba ta inda ta zube. Amma jiki ya riga ya saba. Shekaranjiya na ga alfijir ya keto, ban san lokacin da na ɗauki taɓarya na buga ba. Jikata ta fito tana murza ido ta ce, "Kaka, me kike dakawa a turmin da ke kife?" Na ce, "Je ki yi alwala. Kakanki nake gaya wa gari ya waye."